Hannu da Yawa Maganin Ƙazamar Miya

Ranar da ɗiyata ta fari ta gama sakandare a nan Greensboro, cikin jihar North Carolina ta Amurka, na ce mata ta zaɓi inda za a ci abincin murna. Na zaci za ta ce a yi a gida, uwarta ta dafa shinkafa da miyar kaji, a gayyato ƴan uwa ƴan Nijar da ke garin, waɗanda ba kaɗan ba ne. Sai ta kama sunan wani gidan abincin Italiya da ke bakin babbar hanya, irin waɗanda ke da reshe a kusan kowane gari. Ba zan faɗi sunansa ba, don abin da zan ce a kan girkinsa ba yabo ba ne, kuma ba shi kaɗai maganar ta shafa ba.

Mu goma sha huɗu muka je, har da kawuna da ya zo daga Maradi ganin likita. Mun tarar da wurin cike maƙil, sai da muka yi jira mai tsawo a bakin ƙofa kafin a haɗa mana tebura uku. Aka fara kawo burodi mai tafarnuwa da babban kwanon salak, sannan manyan farantai suka biyo baya, aka jera su a tsakiya kowa ya ɗiba, kamar yadda ake yi a gidan suna. Taliyar ta dahu har ta yi luguf. Miyar tumatirin zaƙi ya rinjaye ta. Akwai wata farar miya mai kauri wadda in ka rufe ido ba ka iya cewa ga abin da ke cikinta, sai dai ka ji maiƙo da gishiri.

Kawu ya kai loma biyu, ya ajiye cokali, ya dube ni.

"Ɗana, wannan miya ba ta yi wa kowa laifi ba."

Daga nan ya sa hannu cikin aljihun babbar rigarsa ya ciro ƙullin yaji, ya barbaɗa, ya ci gaba da ci. Kafin mu tashi yara sun share farantai biyu, abin da ya rage aka zuba mana a ƴan kwalaye muka tafi da shi. Kowa ya fita yana fara'a, ni ma haka, ko da yake ban ci abin da zan tuna da shi ba. Tun daga ranar nake juya maganar Kawu a raina, don a ganina babu mai sharhin abinci da ya taɓa bayyana sirrin waɗannan gidaje a taƙaice kamar yadda tsohon nan ya yi.

Ga wanda bai san su ba, waɗannan gidajen abinci ne na kamfanoni masu rassa barkatai, duka da suna ɗaya, fenti ɗaya, jerin abinci ɗaya. Mafi girmansu shi ne Olive Garden, wanda aka buɗe reshensa na farko a Orlando ta jihar Florida a 1982, kuma yanzu yana da rassa wajen 900. Ba wani Ba'italiye ne ya kafa shi ba. Kamfanin General Mills ne, wanda aka fi sani da garin fulawa da abincin karin kumallo na kwali, kafin a ware harkar gidajen abincinsa ta koma kamfanin Darden a 1995. Akwai Maggiano's da ya fara a Shikago a 1991. Akwai kuma Buca di Beppo da aka buɗe a Minneapolis a 1993, wanda ya shahara da farantai na mutum da yawa da bangaye cike da tsofaffin hotunan Italiyawa, alhali mutumin da ya ƙirƙiro shi, Phil Roberts, ba shi da jinin Italiya. Masana abinci sun daɗe suna yi wa irin waɗannan wurare dariya, jama'a kuwa ba su fasa yin layi a ƙofarsu ba. Tambayar ita ce, su wa suka yi kuskure?

Abin da masu suka ke fara faɗi shi ne, wannan ba abincin Italiya ba ne. Gaskiya ne. A Italiya taliya ƴar kaɗan ake zubawa, gram 100 ko ƙasa da haka, a ci ta ita kaɗai a matsayin kwano na farko, nama ko kifi ya zo daga baya a kwanonsa daban. Taliyar da ake kira Alfredo, wadda Amurkawa ke mutuwar so, wani mai gidan abinci ne a birnin Rum, Alfredo di Lelio, ya fito da sunanta, kuma tasa man shanu ne da cuku kawai. Taurarin fim na Amurka biyu, Douglas Fairbanks da Mary Pickford, suka ci a wurinsa a shekarun 1920 suka yaɗa labarinta, da ta tsallaka teku sai aka narka mata kirim mai kauri, aka ɗora mata kaza.

To amma wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Tsakanin 1880 da 1924 Italiyawa sama da miliyan 4 suka shiga Amurka, akasarinsu talakawan kudu da tsibirin Sisili, mutanen da a gida nama sai ranar buki. Suka iske ƙasar da lebura ma ke iya sayen nama, sai suka yi abin da duk wanda ya taɓa jin yunwa zai yi: suka ƙara girman curin nama, suka yawaita miya, suka cika kwano. Taliya da manyan curin nama a bisanta, da soyayyar kaza cikin miyar tumatir da cuku, a unguwannin waɗannan baƙi suka sami siffar da aka san su da ita yau. Girki ne na gaskiya mai tarihinsa, girkin matalaucin da ya sami wadata. Shi kansa tumatirin da Italiyawa ke taƙama da shi daga nahiyar Amurka ya je musu a ƙarni na 16.

Mu Hausawa ma ba mu da bakin zargin kowa a nan. Ka cire harafin farko daga "Italiya", me ya rage? Taliya. Amma wane Ba'italiye ne zai ga taliya ƴar murji, wadda matan unguwa ke murzawa da inji su shanya a igiya, an dafa ta da wake an zuba mata mai da yaji, ya ce abincin garinsu ne? Mun karɓa mun mayar da ita tamu, kuma ta yi daɗi. Don haka laifin waɗannan gidaje ba sauya girkin Italiya ba ne. Abinci ba ya zama wuri ɗaya, kuma duk inda ya je sai ya ɗauki harshen mutanen wurin. Abin dubawa shi ne wane harshe ya ɗauka a hannun kamfani.

A nan maganar Kawu ta shigo. Uwar gida in tana girki, mutanen da ta sani take yi wa: wannan yana son daddawa, wancan ba ya son kuɓewa. Kamfani mai ɗaruruwan rassa bai san kowa ba, saboda haka abin da yake tsoro shi ne a ƙi abincinsa. Sai ya bi duk abin da zai iya sa wani ya yamutsa fuska ya cire shi, ɗacin ganye da tsamin tumatir da zafin barkono da warin tsohon cuku, ya bar abin da ba a taɓa jin yaro ya ƙi ba, wato zaƙi, maiƙo da laushi. A hedkwata ake auna komai, a aika wa kowane reshe ma'auni ɗaya, mai dafuwa ba shi da ikon ƙarawa ko ragewa. Wanda ya ɗauka sun so yin abinci mai daɗi ne suka kasa, bai fahimce su ba. Abin da suka nufa ke nan, kuma sun same shi. Miyar da ba ta yi wa kowa laifi ba ita ce hajar da suke sayarwa.

Kuma haja ce mai masaya, don in ka duba teburinmu na ranar za ka ga dalili. Akwai tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya wanda haƙoransa sun yi rauni. Akwai yara da aka haifa a Amurka, waɗanda ke kuka in miya ta yi yaji. Akwai mata biyu da ke tambayar ma'aikaciya a kan kowane faranti ko akwai naman alade ko giya a ciki, ita kuma tana amsawa ba tare da ta ƙosa ba, don ta saba. Akwai ƙawar ɗiyata Baturiya da ba ta taɓa ganin tuwo ba. Wane mashahurin kuku ne zai ciyar da wannan taro ba tare da wani ya tashi da yunwa ba? Mutum ɗaya in zai ci abinci yana neman mafi daɗi. Mutum goma sha huɗu kuwa abin da babu wanda zai ƙi suke nema, kuma abin da babu wanda zai ƙi da wuya ya zama abin da wani zai yi mafarkinsa.

Sai kuma maganar tabbas. Mai kuɗi yana iya gwada sabon wuri, in bai yi masa ba ya ɗaga kafaɗa, gobe ya gwada wani. Direban babbar mota ko mai aikin gidan tsofaffi da ke fita da iyalinsa sau biyu ko uku a shekara ba ya caca da wannan dare. Yana son ya san farashi tun daga gida, ya san yawan abin da za a kawo, ya san ba za a miƙa masa takardar abinci da yaren da zai kunyata shi gaban ƴaƴansa ba. Na taɓa shiga wani ƙaramin wurin Italiyawa na ainihi, wanda kowa ke yabo. Abincin ya yi daɗi ƙwarai, ban musa ba. Amma da na tambayi ma'anar wata kalma, kallon da ma'aikacin ya yi mini ya sa ban sake komawa ba. A gidan da ɗiyata ta zaɓa, wata yarinya ce ta durƙusa kusa da kujerar Kawu tana nuna masa hotunan abinci ɗaya bayan ɗaya, ba ya jin Turanci ba ta jin Hausa, suna ta dariya. Na san an koya mata hakan, na san tukwici take nema. Duk da haka shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ko da kuwa a ajin horo aka koyi shimfiɗar.

Yawan abincin ma saƙo ne. Olive Garden ya gina sunansa a kan burodi da salak da miya waɗanda ba sa ƙarewa, in ka cinye a ƙaro. A 2014 har katin cin taliya ya sayar, guda 1,000 a kan dala 100 kowane, mai katin ya ci iya cinsa tsawon mako bakwai, kuma nan da nan katunan suka ƙare. Fulawa da ganye ba su da tsada, kamfanin ya san lissafinsa. Amma ga mutumin da ya taso inda ake auna abinci, kalmar "a ƙaro" tana taɓa wani wuri a zuciya. Mu da muka fito daga ƙasar da ta san fari, mun san cewa babbar karramawar baƙo ita ce ya ci ya bar saura. Jikokin talakawan Sisili ma sun san haka.

Wannan ne ya sa dariyar masu ilimi ba ta burge ni ba. A watan Maris na 2012 wata tsohuwa mai shekara 85, Marilyn Hagerty, da ke rubuta sharhin gidajen abinci a jaridar Grand Forks Herald ta jihar North Dakota, ta rubuta ɗan sharhi a kan sabon reshen Olive Garden da aka buɗe a garinsu. Ta yaba girman wurin da kyansa, ta faɗi abin da ta ci da kuɗin da ta biya, ba habaici ba izgili. Cikin ƴan kwanaki sharhin ya zagaya intanet, ƴan manyan birane suna tura wa juna suna shewa, wai ga baƙauyiyar da ta ɗauki gidan kamfani wani abin azo a gani. Daga baya fitaccen kukun nan kuma marubuci, Anthony Bourdain, ya tsaya mata, har ya fitar da tarin sharhunanta a littafi a 2013. Abin da masu shewa ba su lura ba shi ne, matar ta san wa take rubuta wa. Maƙwabtanta ne, masu son sanin ko wurin yana da tsabta, ko za a ƙoshi, ko aljihu zai ɗauka. Su kuwa masu dariyar, ba miyar suke yi wa ba, masu shanta suke yi wa. Duk sharhin da ya koma raina masu ci, ko masu karatu, ko masu kallo, ya daina zama sharhi ya zama nuna matsayi.

Sai dai kada a ɗauka na wanke kamfanonin. Fahimtar dalilin da ya sa mutane ke zuwa daban, yarda da abin da ake ba su daban. A watan Satumba na 2014 wani kamfanin masu zuba jari, Starboard Value, wanda ke da hannun jari a Darden, ya fitar da rahoto mai shafi kusan 300 yana sukar yadda ake tafiyar da Olive Garden. Cikin abin da ya faɗa har da cewa an daina sa gishiri a ruwan dafa taliya don tukwane su daɗe, kuma ana jibga wa mutane burodi fiye da kima har ya huce a tebur. Wata guda bayan haka masu hannun jari suka sauke daraktocin Darden su 12 gaba ɗaya. Abin da ya tsaya mini a wannan labari shi ne gishirin. Duk yarinyar da ta fara koyon girki ta san ana sa gishiri a ruwan taliya. In har zargin ya tabbata, to an auna ɗanɗanon abincin miliyoyin mutane da tsawon ran tukunya, tukunya ta yi nasara. Kuma waɗanda suka tada maganar ba don tausayin harshen kowa suka yi ba, ribarsu suke bi. A duk rigimar, mai ci shi ne wanda ba a tambaya ba.

Abu na biyu da ban yafe ba shi ne cinikin zumunci. Shekaru da yawa taken tallar Olive Garden yana cewa ne in kana wurinsu kai ɗan gida ne. Sauran ma haka suke yi da hotunan kakanni a bango, kakannin da ba na kowa ba. A ƙasar da mutane ke cin abinci a mota, su ci a tsaye a wurin aiki, su ci gaban talabijin kowa da kwanonsa, an gano cewa zama a ci tare ya zama abin marmari, sai aka sa masa farashi. Abin da muke yi kullum a Maradi ba tare da mun san yana da suna ba, a zauna a kewaye tire ɗaya, babba ya tura wa yaro tsoka, shi ne nan ake kira "salon iyali" a rubuta a allo. Ban ce zumuncin da muka yi a teburin nan na ƙarya ba ne. Na gaske ne, amma mu muka zo da shi daga gida. Su tebur suka ba mu haya da farantai, sannan suka rubuta zumuncin a cikin abin da suka sayar mana.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, don a cikin gidana yake. Harshe abin koyarwa ne. Yaron da bai saba da ɗacin zogale ba, da tsamin yakuwa, da ƙamshin daddawa, in ya girma ba zai neme su ba. Irin wannan girki na kamfani ba ya koya wa harshe komai, abin da jariri ya riga ya sani yake maimaita masa. Kamfanin Domino's na Amurka ya shiga Italiya a 2015 da niyyar sayar wa Italiyawa fiza, a 2022 ya rufe rassansa ya fita, bayan ƙananan masu gasa fiza na unguwa su ma sun fara kai wa mutane har gida. Inda mutane ke da abin kwatance a kusa da su, matsakaicin abu ba ya daɗewa. Inda babu, shi ne ke zama ma'auni. Ko a Amurkar ma ba a ce kasuwar ba ta girgiza ba, don Buca di Beppo ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Agusta na 2024. Amma ƴaƴanmu da ke tasowa a bakin waɗannan manyan hanyoyi, ma'auninsu na "abinci mai kyau" a can ake ƙera shi, ba a madafar uwarsu ba.

A mota muna komawa na tambayi ɗiyata abin da ya sa ta zaɓi wurin, alhali ta san girkin uwarta ya fi.

"Baba, ai na sani. Amma in a gida ne, Mama ba za ta zauna ba."

Ban sami abin cewa ba. Shekara goma sha takwas ina cin abincin buki a gidana, ban taɓa lura cewa matar da ta dafa shi a tsaye take ci, a madafa, bayan kowa ya watse. A daren nan ta zauna daga farko har ƙarshe, da sabon lufaya, wani ya kawo mata, wani ya kwashe. Duk sharhin da na karanta a kan waɗannan gidaje, masu yabo da masu suka, ban ga wanda ya lissafa wannan ba, wataƙila don yawancin masu rubutawa ba su ne masu wanke tukwane ba.

Hukuncina dai bai canza ba: girkin matsakaici ne, an yi shi da gangan ya zama haka, kuma wanda ya ce ya fi haka bai gaya maka gaskiya ba. Sai dai Bahaushe ya riga ya ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Kamfanonin nan sun gano wannan karin magana ba tare da sun taɓa jin ta ba, suka gina dukiya a kanta. Abin da ya rage mana shi ne mu san cewa hannuwan namu ne, mu kuma tambayi kanmu abin da ya hana mu haɗa su a kan miya mai kyau, a gida, ba tare da mace ɗaya ta kwana a tsaye ba.

Washegari uwargida ta juye sauran taliyar a tukunya, ta soya albasa da tattasai, ta sa ɗan yaji da garin daddawa. Kawu ya ci ya ƙara, ya ce yanzu ne miyar ta sami bakin magana. Ni na wanke kwanonin.